Gadon Bik

Babana Tankari, shekara ashirin da biyu
yana ƙarƙashin bedi a ƙofar gidan wayar Tawa.
Teburinsa ƙafa uku, dutse ne ta huɗu,
bik shuɗi a bayan kunne.
Matan 'yan cirani su zo su tsuguna,
su amayar da cikinsu, shi ya kwashe a takarda.
Dala ashirin wasiƙa.
Ko da kuka a ciki, dala ashirin.

Da salula ta shigo gari
kowace ta iya kukanta da bakinta.
Teburin ya dawo gida,
Inna ta ɗora masa tulu.

Ni na gaji hannun, ban gaji inuwar ba.
Ina rubutu da babban yatsa
a gilashin da ya tsage kamar bakin tabki a bazara.
Nawa buhun albasa ya kwana a Galmi,
wace rijiya ta ƙafe a hanyar Keta,
wa ya rufa ɗakinsa da kwano, wa ruwa ya kayar wa katanga.
In sake shi da dare,
ya tafi Abija, ya tafi Tamanraset,
ya iske namu a kan kwali suna jiƙa gari.

Wata bakwai ko dala.
Ni ke biyan Nomau kuɗin caji,
ni ke sayen kati da kuɗin kitso.
Masu karatu dubu huɗu, in ji lissafi.
Inna ta ce, "Barira, dubu huɗun nan
a cikinsu ba mai tiyar hatsi?"
Na yi dariya don babu amsa.

Ran wata Laraba waya ta yi ƙara.
Jaka uku.
Wani magini, Arzika, daga can arewa:
"Kin ambaci mai ƙosai a kwanar tashar Ƙwanni.
Tsohuwata ce. Shekara biyar.
Koma ki duba mini, har yanzu da hagu take juya su?"

Na koma.
Da hagu.
Na rubuta hagun, da ƙunar mai a wuyan hannu,
da yadda take ƙara wa yara ɗaya ba su tambaya ba.
Ban rubuta tarin da take yi ba.
Sai washegari na rubuta.

Daga nan suka fara ɗigowa,
jaka, jaka da rabi, wani ɗari biyar da addu'a,
kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke.

Sai ga Alhaji Cayabu da mota har ƙofa,
da kwalin maganin ƙwari na albasa.
Jaka arba'in, in ce na gani da idona yana aiki.
Ban gani ba.
Abin da na gani gonar Ibro ce a Tabalak,
ganye ya ƙone kamar an bi shi da tawasa.
Jaka arba'in kuwa buhun shinkafa ce
da kuɗin lakwal na Sahiya.

Daren nan ban yi barci ba.
Baba na tsakar gida, idon ya yi hazo, kunnen bai yi ba.
Ya ce, "Ni ma na yi ƙarya.
Na sha rubuta gida lafiya rumbu na wayam,
don kada mutum ya faɗo daga bene a garin wasu.
Amma ita kyauta nake sa ta.
Ba ta cikin dala ashirin."

Da safe na mayar da kwalin a kan kabu-kabu.
Ba zan ce ban waiwaya ba.

Shinkafar nan tiya tiya muke awonta har yau.
Da kuɗin Arzika na biyu na sayo bik shuɗi.
Ba ya ganin layi yanzu,
ya shinshina shi, ya gwada a tafin hannu,
ya maƙala a bayan kunne.
Inna ta zo ɗiban ruwa, ta tsaya,
ta sauke tulun daga kan tebur.